Kamfanin Shamuwa da Iyayen Gidansa Huɗu

Ku da kuke taruwa a shagon jikana kuna ɗaukar fim da waya, jiya na ji ɗayanku yana cewa mu mutanen da mun ci banza, wai aikin majigi bai wuce a kafa farin ƙyalle a kunna inji ba. Ban tanka ba, don bakina cike yake da goro. Yau na furzar, sai ku matso.

Sunana Sabo, ɗan Kangire. Shekara ashirin da 'yan kai na yi a kamfani ɗaya, amma iyayen gida huɗu na yi wa aiki, ban kuwa taɓa ajiye aiki na nemi wani ba. Kamfanin ake sayarwa da mu a ciki, yadda ake sayar da gona da kukar da ke tsakiyarta. Sunansa Kamfanin Shamuwa. Babban gidansa yana Kano, inda ake yanka fim a haɗa, a ajiye shi cikin gwangwanaye. Reshensa kuma ɗaki biyu ne a bakin titi a nan Birnin Kudu, don daga nan ake shiga Gwaram da ƙauyukan kudu. A lokacin duk ƙasar Kano muke. Mu ke ɗaukar fim ɗin, mu ke kuma yawo da shi a mota muna nunawa kyauta a fili.

Wanda ya kafa shi Bature ne da ya yi aikin majigin gwamnati tun kafin a samu 'yancin kai. Da 'yan'uwansa suka tattara suka tafi, shi ya ƙi tafiya, ya buɗe nasa. Ba wanda yake iya faɗin sunansa daidai, sai aka sa masa Mai Lofe, ya kuwa amsa. Babban ma'aikacinsa Malam Ilu, mutumin Gwaram, gajere, mai murya kamar ta mutum uku. Shi ke ɗauka da rana, shi ke riƙe makirufo da yamma yana yi wa jama'a bayanin abin da suke gani, don finafinan farko ba su magana.

Ranar da na shiga sana'ar, ba neman aiki na fita ba. Ina ɗan shekara ashirin, ina ɗinki a keken kawuna. Motar Shamuwa ta zo Kangire bayan isha'i za a nuna fim ɗin adana hatsi a rumbu. Aka kunna, hoto ya yi ta rawa, fim ya tsinke. Aka haɗa, ya sake tsinkewa. Ni ina tsaye kusa da injin, don ya fi ɗaukar hankalina a kan ƙyallen. Na ga yadda wani ɗan haƙori yake fizgo fim ɗin ya tsaya, ya sake fizgowa, daidai yadda keken ɗinki ke jan yadi. Sai bakina ya suɓuce na ce ai zaren ne ya yi tsauri, a sassauta masa sama da ƙasa. Malam Ilu ya dube ni daga sama har ƙasa, ya sassauta, inji ya tafi sumul. Da aka tashi ya tambayi gidanmu. Washegari ya zo ya zauna da kawuna, aka yi magana irin ta manya, aka ba shi ni.

Wata shida ban taɓa kyamara da niyyar ɗauka ba. Ƙafa uku da ake ɗora kyamara a kai nake saɓawa a kafaɗa, ta katako ce, nauyinta kamar turmi. Ina share ƙofar da fim ke bi da gashin kaza. Sannan jaka baƙa: ka zura hannuwanka biyu ciki, ka buɗe gwangwani, ka ɗora sabon fim a kyamara ba tare da ka gani ba, don in haske ya taɓa shi ya mutu. Malam Ilu yakan ba ni lalataccen fim in yi ta gwadawa, shi kuma yana jana da hira, yana tambayata sunayen kakannina, don ya ga ko hannu zai yi aikinsa kai yana wani wuri. Haɗa fim kuma da reza ne da gam mai warin da ke hawa ka. Ka kankare bakin, ka shafa kaɗan, ka danne, ka ƙirga goma a zuci. Ka cika gam ya narke, ka rage ya rabu a gaban jama'a.

Kyamarar da hannu ake murɗa ta, a yi mata wani kamar agogo, kuma wani ɗaya ba ya kai rabin minti. Gammon fim guda bai cika minti uku ba. Saboda haka kafin ka danna, sai ka riga ka ga abin a kanka: ina mutum zai fito, ina zai tsaya, ina rana take. In ka gama, ba ka ga komai ba. A rufe gwangwani, a kai Kano, a sa a jirgin ƙasa zuwa Ikko, daga can a haye da shi Ingila a wanke. Sai bayan wata biyu za ka san ko aiki ka yi ko ɓarna. Ku da kuke dannawa ku duba ku goge ku sake, ku yi tunanin barcin wata biyun nan.

Aikin farko da aka sakar mini shi ne haƙar rijiya a Yalwan Damai, na ma'aikatar da ke kula da ruwan karkara. Kwana tara na yi ina bin mahaƙa, tun daga saran farko har ranar da guga ya fito da ruwa mata suka yi guɗa. Na koma ina tafiya kamar wani hakimi. Da fim ya dawo, muka zauna a ɗakin kallo a Kano, ni da Malam Ilu da Mai Lofe. Hoto ya fito tas, haske daidai. Sai dai daga gefen sama akwai wani baƙin abu siriri yana lilo, tun daga farko har ƙarshe. Silin gashi ne guda ya maƙale a ƙofar kyamara, a kan ƙyalle kuwa ya zama kamar igiyar guga. Mai Lofe ya kalla har ƙarshe, sannan ya cire lofensa ya ce da irin Hausarsa, "Sabo, wannan maciji ya iya rawa ƙwarai. Amma ban tuna na ɗauke shi aiki ba."

Ba a kore ni ba. Matsalar ita ce rijiya ta riga ta haƙu, ba a mayar da ƙasa a sake. Mai Lofe ya je ya roƙi ma'aikatar, rijiyar da za su haƙa nan gaba su yi ta a unguwar gabas ta garin, don a sake ɗauka da mutanen da aka fara da su. Haka Yalwan Damai ta samu rijiya biyu a shekara ɗaya. Dagacin garin da ya ji dalili ya aiko mini da zabi biyu, ya ce in Allah ya sa zan sake kuskure, in tuna da su. Tun daga nan ban sake rufe kyamara ba sai na leƙa ƙofar nan sau biyu.

Masu ba mu aiki a zamanin Mai Lofe duk ma'aikatun gwamnati ne: noma, lafiya, yaƙi da jahilci. Kowannensu da halinsa. Malaman gona suna son a nuna taki kusa-kusa har mutum ya ji kamar zai shaƙa. Malaman asibiti kullum faɗanmu ɗaya, su a nuna ƙuda ya cika ƙyalle don mutane su tsorata, mu kuma mun san abin da zai biyo baya. Mun taɓa nuna irin wannan a wani ƙauye, wani dattijo ya ce alhamdu lillahi, su nasu ƙudajen ƙanana ne, wannan mai girman tunkiya sai dai a Kano.

Saye na farko a bakin mai fenti muka ji shi. Wata safiya muka tarar da shi yana zana sandar sabulu a ƙarƙashin ƙafar shamuwar da ke jikin ƙofar motarmu. Malam Ilu ya tambaye shi wa ya sa shi, ya ce sababbin masu kamfani. Ashe Mai Lofe tsufa ya kama shi, ƙirji ya matsa masa, ya sayar wa wani babban kamfanin 'yan kasuwa na Ikko, masu sabulu da shayi da fitilar kananzir. Ya zo da kansa bayan kwana biyu ya yi mana sallama, ya ba mu haƙurin rashin faɗa da wuri. Ya ce ya sa a rubuce cewa ba za a sallami kowa ba, kuma ba a sallama ɗin ba.

Waɗannan ba mu taɓa ganin fuskarsu ba, sai Manajan da suka turo, dogo mai ɗamarar wuya ko ana zafin bazara. Gaskiya sun gyara mu. Sabuwar mota, janareta mai tashi ba sai an yi masa magiya ba, kaki mai aljihu huɗu, daga baya har injin da ke fitar da magana da kiɗa. Amma dokarsu ɗaya ce: kowane fim, ko na mene ne, sai kayansu sun fito a ciki. Fim ɗin rigakafin ƙyanda ma sai da aka ga uwar yaro tana shan shayi.

Fim ɗin sabulu a bakin rafi kusa da Gwaram muka ɗauke shi. Manaja ya rubuto yadda yake so: mai wanki ya tsoma riga baƙa ƙirin da dauɗa, ya cuɗa sau uku, ya ɗago ta fara fat. Na ce masa ba sabulun da ke haka a duniya, ya ce shi ya sa ake biyana. To, dabarar ita ce riga biyu. Na ɗauki mai dauɗar tana shiga ruwa, na tsayar da kyamara, aka musanya, na ci gaba. Da na haɗa, ko ni ban ga wurin ɗinkin ba. Abin da ban lura da shi ba, ni da na tashi a gidan ɗinki, shi ne aikin wuyan rigunan ba iri ɗaya ba ne.

A Gwaram ɗin muka fara nunawa, ranar kasuwa, fili ya cika. Riga ta shiga, riga ta fito. Sai wani maɗinki daga tsakiyar taro ya ɗaga murya ya ce shi ya ɗinka su duka biyun, waccan aska biyu ce, wannan aska takwas. Fili ya ɗauki dariya. Ni ina bayan inji ina neman inda zan shige. Malam Ilu bai ko yi tari ba, ya kai makirufo baki ya ce, "Jama'a, kun ji shaida daga bakin mai sana'a. Sabulun da ke mayar da aska biyu aska takwas, me kuke jira?" Dariyar ta ninka. Kowa ya san ƙarya ce, kowa ya san mun san sun sani, amma kafin sati ya zagayo babu sandar sabulun nan ko ɗaya a kantunan Gwaram. Mutane suna saye suna tsokanar juna, wai bari su gwada a tsohuwar taguwa ko ta zama babbar riga. Manaja ya aiko da takardar yabo, ya nemi a fassara masa maganar. Muka yi iyakar ƙoƙarinmu, bai gane abin dariyar ba.

Abin da nake so ku riƙe a nan, mai kallo ba wawa ba ne. A cikin kowane taro akwai wanda ya fi ka sanin abin da ka ɗauka.

Saye na biyu ya zo wajen lokacin da aka bar fam da sule aka koma naira. Gwamnatin soja ta yi doka cewa wasu sana'o'i sai 'yan ƙasa za su mallake su, irin tamu tana ciki. Kamfanin Ikko ya nemi mai saye, aka samu Alhaji Mamuda, attajirin gyaɗa na Gwaram, mai manyan motoci biyar. Bai ɓoye mana ba, ya ce shi bai san komai game da majigi ba, motar ce ta ba shi sha'awa, aka ce ba a sayar da ita ita kaɗai. Ya tara mu a zaurensa, ya sa aka kawo tuwo, ya tambayi kowa sunan ubansa. Wannan ne karo na farko da mai kamfani ya ci abinci kwano ɗaya da mu. Ya sa aka goge sabulun, aka bar shamuwa ita kaɗai.

Aikin da ya fara sa ni shi ne in ɗauke shi da motocinsa. Yana so fuskarsa ta fito babba, motoci biyar kuma su fito duka. Na yi masa bayani cewa in na matso fuska ta cika hoto, in na ja baya ya zama ɗan mitsitsi. Muka yi shawara ya tsaya kusa da ni, motocin su riƙa wucewa ta bayansa ɗaya bayan ɗaya. Sai halin zamanin sabulu ya motsa mini, na ce in ya so su zagayo ta bayan masallaci su sake wucewa har sau biyu, biyar ta zama goma sha biyar. Ya dube ni ya ce biyar Allah ya ba shi, biyar zan nuna, kuma ta ƙarshen da ke da lanƙwasasshen ƙarfe a gaba kada in ɓoye ta. Na ji kunya, na ɗauki biyar.

Ba mu daɗe a hannunsa ba fari ya zo. Wanda bai ga shekarun nan ba ba zai gane ba. Ruwa ya ɗauke gero yana ciki, shekara ta zagayo ya sake ɗaukewa, abin da ya rage na gyaɗa kuma ciwo ya faɗa masa. Ma'aikatu suka daina aiko da aiki, sabon fim ya yanke. Alhaji ya sa aka sauke injin majigi daga motarmu aka jingine a ɗaki, motar ta shiga jigilar hatsi daga kudu tare da manyan. Ni da Malam Ilu muka koma dako da awo. Hannun da aka horar da kankare fim da reza ya koyi ɗinke bakin buhu da basilla, wanda dama ɗinki ne, ban yi baƙunta ba. Alhaji yana sayarwa yadda ya sayo, wanda ba shi da shi kuma a auna masa a ce ya tafi. Ba a yi haka a daɗe ba tare da aljihu ya ji ba. Motoci biyar suka koma biyu.

A nan ne wani mutum ya zo daga Kano yana neman tsofaffin finafinanmu. An riga an kwaso su duka zuwa Gwaram, don Alhaji ya saki gidan Kano. Ba kallo mutumin zai yi ba. Akwai azurfa kaɗan a jikin fim, su suna da yadda suke narkawa su cire, gwangwanayen kuma a sayar wa maƙera. Alhaji ya yarda, aka sa ranar Juma'a. Ba mu ga laifinsa ba, hatsi zai saya da kuɗin. Amma duk abin da muka ɗauka tun zamanin Mai Lofe yana cikin ɗakin nan, kuma in ya tafi, kamfani ya zama mota kawai. Malam Ilu bai yi musu ba. Abu ɗaya ya roƙa, a ba mu galan ɗaya na mai mu yi nuni ranar Alhamis, a filin da ake rabon hatsi, don mutane sun daɗe ba su ga abin da ya ɗauke musu hankali ba.

A gefen filin akwai makiyaya da suka sauka, waɗanda fari ya cinye musu dukiya. Babbansu Arɗo Buba, dattijo dogo, wanda aka ce da garkensa in ya taso sai an tsayar da mota a jira ya wuce, yanzu saura bakwai. Ni ban zaɓi fim da wata manufa ba. Na ɗauko na allurar shanu, wanda muka yi wa malaman dabbobi shekara biyar kafin nan, don shi ne a sama kuma haɗinsa lafiya lau.

Aka kunna. Malam Ilu ya fara bayaninsa na kullum a kan amfanin allura. Shanu suka fito, farare da jajaye, ƙosassu, suna kutsawa ta cikin shingen katako ɗaya bayan ɗaya. Sai na ga mutum ya tashi daga baya, yana ratsa jama'a a hankali, har ya zo gaban ƙyalle inuwarsa ta hau kai. Arɗo Buba ne. Yara suka fara cewa a zauna, manya suka kwaɓe su. Ya ɗaga sandarsa ya nuna, ya ce ga Wule. Wata ta wuce, ya ce ga Ɓale. Ga Saye da ɗanta. Ashe garkensa muka ɗauka a wancan lokacin, ni ban ma tuna fuskarsa ba, don shanun nake kallo ta cikin kyamara.

Shekarun da na yi da Malam Ilu ban taɓa ganin ya yi shiru fim yana tafiya ba, sai ran nan. Ya taka ya je ya riƙe wa Arɗo makirufo a baki. Dattijon ya ci gaba, ba kuka, ba rawar murya. Kowace ta wuce ya faɗi sunanta, da sunan uwarta, da wadda ke harbi in ana tatsa, da wadda ke bin matarsa har bakin bukka, da inda kowace ta faɗi. Mutanensa suka matso, mata suna tuna masa wadda ya tsallake. Da wani bijimi ya ture malamin allura ya faɗa cikin kashin shanu, Arɗo ya ce wannan dama ba ya son ma'aikatan gwamnati, fili ya yi dariyar da aka yi wata da watanni ba a yi ba. Fim ya ƙare, ya juyo ya tambaya ko ana iya dawo da su. Na mayar da gammo baya na sake. Sau uku muka nuna, har janareta ya fara tari.

Alhaji Mamuda yana zaune a kan buhu tun farko. Da aka kashe inji, Arɗo ya tambayi wane ne mai wannan abu, aka nuna masa. Ya je ya durƙusa suka gaisa, sannan ya ce, "Alhaji, ashe shanuna suna wurinka. Ni ba ni da inda zan sa su yanzu. Ka riƙe mini, ka kula da su."

Da safe mutumin Kano ya iso da motarsa. Alhaji ya ba shi abinci, ya biya masa man da ya ƙona, ya ba shi haƙuri. Mutumin ya ce ai an gama magana. Alhaji ya ce, "An gama, amma jiya aka ba ni kiwo. Ba na sayar da dabbar wani." A maimakon finafinan, ɗaya daga cikin motoci biyun da suka rage ya sayar.

Ruwa ya dawo, kuɗin man fetur kuma ya iso har inda muke. Aiki ya yi mana yawa. Ana gina makarantun firamare ko'ina, ana shimfiɗa titi, ana datse ruwa, kuma kowace ma'aikata tana son a ɗauki nata, mai launi. Fim mai launi wani sabon karatu ne, ba ya yafe kuskuren haske ko kaɗan. Na taɓa mayar da wani babban jami'i kore shar, don na ɗauke shi a ƙarƙashin rumfar leda. Aka sake buɗe gidan Kano, aka ɗauki sababbin ma'aikata, ni ma na zama ana ce mini Malam Sabo ana saɓa mini ƙafa uku.

Saye na uku shi ne na masu hannun jari. Alhaji ya manyanta, 'ya'yansa hankalinsu yana kan kwangila. Wasu matasa 'yan boko su bakwai suka haɗa kuɗi suka saya, kowa da kasonsa, suna da shugaba da mataimaki, suna zama a kan dogon tebur. Alhaji ya cire gwangwani ɗaya daga cikin cinikin, ya ce wannan ba nasa ba ne, kiwon Arɗo ne. Matasan ba mugaye ba ne, kuma sun san abin da suke yi. Talabijin ta zo Kano, sun ga can kasuwa ta nufa. Suka canja sunan kamfani zuwa wasu haruffan Turanci uku, suka sayo kyamarorin da ba a kai wa Ingila wanki. Bayan shekara biyu takarda ta zo: a rufe reshen Birnin Kudu, a daina yawon majigi. Wanda ke so ya koma Kano, wanda ba ya so a sallame shi da haƙƙinsa. Malam Ilu ya zaɓi gona. Ni na yi 'yan shekaru a Kano ina koya wa yaransu yanka da haɗi, sannan na dawo.

Nuninmu na ƙarshe a filin kasuwar Birnin Kudu muka yi shi. Muna kafa ƙyalle kafin magariba sai ga Inna Tabawa, mai ƙosai, ta ajiye kaskonta inda ta saba, bayan taro, kusa da janareta. Tun ina saɓa ƙafa uku take zuwa, duk ranar da muka yi nuni a garin nan. Ta kira mu ta ce ta ji labari. Ta ce an sayar da mu sau uku, ba wanda ya taɓa zuwa ya yi shawara da ita, alhali duk cikin masu kamfanin babu wanda ya kai ta zuwa. Malam Ilu ya ba ta gaskiya, sannan don ya faranta mata ya tambaye ta wane fim ta fi so a cikin namu, a sa mata shi. Ta ce ita ina ta sani? Kullum bayanta ke kallon ƙyalle, idonta yana kan mai. Muryarsa kawai ta sani, da dariyar mutane. In an yi dariya ta san saura kaɗan a zo saye.

Shekara ashirin, ba ta taɓa ganin ko ɗaya ba.

Malam Ilu ya tuɓe hularsa ya miƙa mini, ya naɗe hannun riga, ya karɓi ludayin daga hannunta. Na ɗauko kujerar da muke ajiye wa hakimi na kafa a gaba, tsakiya. Ta yi ta ƙi, mata suka ja ta suka zaunar. Daren nan ni na kunna inji ni na riƙe makirufo, Malam Ilu yana baya yana suya, hayaƙi yana tashi, masu saye suna ƙorafi yana ce musu na yau na musamman ne. Na sa mata mafi kyawun abin da muke da shi, har da mai launi na datsen ruwa. Ba ta motsa ba, hannunta a haɓa har hoto na ƙarshe ya ɗauke.

Da fitila ta kama, ta miƙe ta gyara mayafi. Ta je ta leƙa kaskonta, ta ga baƙaƙen abubuwan da Malam Ilu ya tara a kwando, ta girgiza kai. Na tambaye ta, "Inna, yaya kika gani?"

Ta ce, "Sabo, Allah ne ya rufa mini asiri da na ba ƙyallen nan baya. Da na san haka abin yake, da tuni na karye."